Yini Guda a Tsibiran Phi Phi: Murjani, Rairayi da Jiragen Baƙi

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, tsakanin watan Nuwamba da na Afrilu, tashoshin jiragen ruwa da ke gabashin tsibirin Phuket, a kudancin ƙasar Tailan, kan cika maƙil da baƙi. Akwai mutanen Sin da na Indiya, akwai na Rasha da sauran ƙasashen Turai, akwai kuma Larabawa da iyalansu. Ma'aikatan jirgi kan ba kowane fasinja kaya uku: rigar da ke hana nutsewa, da gilashin da ke rufe ido da hanci, da wani ɗan lanƙwasasshen bututu na roba wanda ake kira sinokel. Da yawa daga cikinsu tsibiran Phi Phi suka nufa, waɗanda ke cikin Tekun Andaman, kimanin kilomita 45 daga Phuket. Ƙaramin jirgi mai gudu kan kai su cikin awa ɗaya, babban jirgin fito kuwa awa biyu. Za su yini suna iyo, suna leƙen kifaye, suna miƙe ƙafa a kan farin rairayi, sa'an nan a komo da su masauki kafin faɗuwar rana.

Irin wannan tafiya ta yini guda na cikin manyan hanyoyin da mutanen yankin ke cin abinci. Ga ɗalibin kimiyya kuwa, aji ne sukutum a kan ruwa. Farin rairayin da baƙo ke takawa, da kifayen da yake kallo, har da dogayen duwatsun da yake ɗaukar hotonsu, duk suna da alaƙa da ƙananan halittun teku masu gina wa kansu gida da farar ƙasa. An kuwa wayi gari yawan masu zuwa kallo ya kusa hallaka abin kallon, har ta kai a shekarar 2018 hukuma ta rufe wurin da ya fi shahara a tsibiran, bai sake buɗewa ba sai bayan shekara uku da rabi.

A kan hanya

Da zarar jirgi ya rabu da gaɓa ya fara hawa da sauka a kan igiyar ruwa, sai hira ta ragu. Wasu fasinjoji su yi tsit, gumi ya karyo musu, jiri da tashin zuciya su biyo baya. Dalilin yana can cikin kunne, inda akwai wasu 'yan hanyoyi masu ɗauke da ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk wani motsi na kai. Mutumin da ke zaune yana duban benci ko wayarsa, idonsa na shaida wa ƙwaƙwalwa cewa komai a tsaye yake, kunnensa kuma na cewa ana jijjiga shi. Saɓanin shaidun nan biyu shi ke jawo amai, kuma shi ne ke damun mai karatu a cikin mota. Shi ya sa matuƙa ke cewa a ɗaga kai a dubi can nesa, inda sama ta haɗu da ruwa, domin ido da kunne su yi magana ɗaya.

Jiri dai ƙaramin abu ne. Daga watan Mayu zuwa Oktoba iskar damina kan buso daga kudu maso yamma, teku ya yi fushi cikin ɗan lokaci. Ranar 5 ga Yuli, 2018, wani jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Phoenix ya kife a kudancin Phuket yayin da yake komowa daga irin wannan tafiya ta yini guda. Mutum 47 suka rasu, dukkansu baƙi daga ƙasar Sin. An riga an yi gargaɗin hadari kafin jirgin ya fita. Rigar nan da fasinja ke ƙyuyar ɗaurawa saboda zafi, da sanarwar masu hasashen yanayi, sun fi duk sauran kayan tafiyar muhimmanci.

Tsibiran Phi Phi guda shida ne, suna cikin lardin Krabi, kuma tun 1983 aka sa su cikin gandun da gwamnati ke karewa. Babbansu, Phi Phi Don, shi ne mai gari da otal-otal, kuma masunta Musulmi ne suka fara kafa shi. Na biyu, Phi Phi Leh, ba shi da gari. Abin da ido ke fara gani daga nesa shi ne duwatsu masu tsayi da suka miƙe tsaye daga cikin ruwa kamar ganuwa, kawunansu lulluɓe da kurmi. Dutsen farar ƙasa ne, wanda ya taru daga ɓawo da ƙasusuwan halittun wani tsohon teku fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce. Ruwan sama mai ɗan tsami ya yi ta cin sa a hankali, ya sassaƙa koguna da ramuka, igiyar ruwa kuma ta rarake gindinsa, har wani dutsen ya zama kamar laima.

Bututu da gilashi

Jirgi kan tsaya a wani lungu mai kwanciyar ruwa, a ce kowa ya sauka. Mai iyo ya kifa cikinsa a kan ruwa, fuskarsa a ciki, ya ciji bakin bututun, ɗaya bakin kuma yana sama da ƙeyarsa yana shan iska. Ruwan teku na taimaka masa, domin kowace lita na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, don haka ya fi ruwan kogi nauyi, ya kuma fi shi ɗaga jiki.

Ɗalibi mai tunani zai yi tambaya: me ya sa bututun gajere ne, da wuya ya wuce santimita 40? Me zai hana a yi mai tsawon mita biyu, mutum ya sauka ƙasa ya zauna yana numfashi? Dalilai biyu ne suka hana, kuma duka biyun ana iya lissafa su a kan allo.

Na farko, iskar da mutum ya fitar ba ta ficewa duka. Wadda ta rage a cikin bututu ita zai fara shaƙa in ya sake jan numfashi, ga ta da ƙarancin oksijin da yawan iskar kabon dayoksaid. Baligi da ke hutawa kan shaƙi kimanin mililita 500 a kowane numfashi, kuma kusan 150 daga ciki a maƙogwaro da hanyoyin iska suke tsayawa, ba sa isa inda jini ke karɓa. Bututu mai faɗin santimita 2 da tsawon santimita 40 yana ɗaukar kimanin mililita 125. In aka haɗa, fiye da rabin ƙaramin numfashi tsohuwar iska ce. Saboda haka ne ake koya wa sabon shiga ya riƙa jan numfashi mai zurfi a hankali, domin mai haki sama-sama iskarsa kawai yake juyawa, ya gaji, kansa ya yi ciwo, tsoro ya kama shi. Bututu mai mita biyu kuwa zai ɗauki kimanin mililita 630, watau fiye da numfashin gaba ɗaya, ko kaɗan sabuwar iska ba za ta iso huhu ba.

Dalili na biyu ya fi ƙarfi, shi ne nauyin ruwa. A zurfin mita ɗaya, ruwa na danna kowane murabba'in santimita na jiki da ƙarin nauyin giram 100. Ƙirji mai faɗin santimita 30 da tsawon 30 zai ɗauki kilo 90 ke nan, kusan buhun hatsi. Iskar da ke shigowa ta bututu kuwa da matsin sama take zuwa, ba ta da ƙarfin ture wannan nauyi daga ciki, sai naman ƙirji ya yi aikin shi kaɗai, kuma ba ya iyawa. Masu nutso mai zurfi sun tsira daga wannan ne saboda tulun da suke goyawa yana ba su iska mai matsi daidai da na ruwan da ke kewaye da su. Giwa ce dabbar da ta saba tsallake kogi jikinta a nutse tana numfashi da hanci, kuma masanin huhu John West ya nuna cewa ƙirjinta daban yake: huhunta a manne yake da haƙarƙari ta hanyar wani nama mai kauri, inda sauran dabbobi ke da ɗan sarari mai ruwa.

Akwai wani haɗari da ya kamata a ambata a nan. Wasu matasa kan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa, wai don su daɗe a ƙasa. Abin da ke sa mutum ya ji yana bukatar numfashi shi ne taruwar kabon dayoksaid a jini. Wanda ya wanke ta tun farko ya kashe ƙararrawar jikinsa, oksijin zai ƙare bai sani ba, ya suma a cikin ruwa ba tare da ko ihu ba. Don haka ƙa'ida ce kada kowa ya yi iyo shi kaɗai.

Gilashin fuska shi ma yana da nasa labari. Duk wanda ya taɓa buɗe ido a cikin rafi ya san komai dishi-dishi yake. Haske kan lanƙwasa idan ya fita daga iska ya shiga wani abu, kamar yadda cokali ke zama tamkar ya karye a cikin kofin ruwa. Kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a idon mutum ana yin sa ne a fatar gaban ido, inda haske ke shigowa daga iska. Ruwa da wannan fata kusan daidai suke lanƙwasa haske, don haka da zarar ruwa ya taɓa ido sai wannan aiki ya lalace. Gilashi ba ya ƙara wa ido komai, iska kawai yake tsarewa a gabansa. Amma yana yin 'yar yaudara: abu kan yi kamar ya ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso da kashi ɗaya cikin huɗu. Kifin da baƙo zai rantse ya kai damtsensa, in aka fito da shi sai a ga bai kai ba.

Ba kowa ke bukatar gilashin ba. A wannan Teku na Andaman akwai wata al'umma da ake kira Moken, masu rayuwa a kwalekwale da tsibirai. A 2003 Anna Gislén ta Jami'ar Lund da ke Suwidin ta wallafa binciken da ya nuna cewa yaransu na ganin ƙananan abubuwa a cikin ruwa ninki biyu fiye da yaran Turawa, domin sun iya tsuke ƙwayar idonsu su kuma matse madubin cikinsa. Da aka horar da yaran Suwidin daga baya, su ma sun koya.

Gidan da murjani ya gina

Mai iyo ya saba da bututunsa, numfashinsa ya daidaita, sai ya dubi ƙasa. Ga wasu abubuwa kamar duwatsu, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar faifai, wasu kamar ƙwaƙwalwa, kifaye masu launi iri-iri na shiga da fita a tsakaninsu. Wannan shi ne murjani. Hausawa sun san sunan, wanda ya zo daga Larabci, ta hanyar jan dutsen adon mata. Wancan jan murjani daga Bahar Rum aka fi samo shi, ɗan'uwa ne ga wannan, sai dai shi ba ya gina tudu.

Murjani dabba ne, ko da yake ya yi kama da dutse ko tsiro. Kowane curi taron dubban 'yan halittu ne, mafi yawansu ba su fi ƙwayar dawa ba. Jikin kowace kamar 'yar jaka yake, da baki a sama, kewaye da 'yan hannuwa masu harbi. Tana tsamo sinadari daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan kofi na kalsiyam kabonet, watau sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da na katantanwa. Sababbi na gini a kan na tsofaffi, har a sami tudu. Fatar sama ce kaɗai ke da rai, kuma siririya ce ƙwarai, sauran duk kufai ne.

A nan akwai wani abin mamaki da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ruwan da ya yi garau har ana hango ƙasansa, ruwa ne maras abinci. Tekun da ke da albarka kore ne, ya yi duhu da ƙananan tsirrai. To, yaya aka yi wurin da ya fi ko'ina yawan halittu a teku ya kasance cikin ruwan da ya fi talauci? Tudun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi 25 cikin 100 na ire-iren halittun teku suna dogara da shi.

Babban sashe na amsar yana cikin naman murjanin. A ciki akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, dangin gansakuka, miliyoyinsu. Suna haɗa abinci da hasken rana kamar yadda ganye ke yi, su miƙa wa mai gida kaso mafi tsoka, wanda kan kai kashi 90 cikin 100 na abin da yake bukata. Shi kuma ya ba su mafaka, ya ba su abin da jikinsa ya fitar a matsayin taki. Ba abin da ke zubewa a banza. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ya sa murjani mai gina tudu ke son ruwa maras zurfi, mai haske, mai ɗumin da ke tsakanin digiri 23 da 29. Shi ya sa kuma mai bututu, wanda ba ya rabuwa da saman ruwa, yake ganin mafi kyawun launi. Ruwa na shanye jan haske tun a mita biyar na farko, sa'an nan ruwan lemo da rawaya, can ƙasa sai shuɗi kaɗai ya rage.

Sai dai ginin ba ya sauri. Murjani mai rassa kan ƙaru da santimita 10 a shekara in ya sami yadda yake so. Mai kama da dutse kuwa abin da yake ƙarawa bai fi santimita ɗaya ko biyu ba. Curin da ya kai rabin mita, wanda gajiyayyen mai iyo zai ɗora ƙafa a kai don ya gyara gilashinsa, mai yiwuwa ya girme shi.

Da tsakar rana akan kai baƙi gaɓa su ci abinci su huta. Rairayin fari ne fat, mai laushi kamar gari. Rairayin kogi yawanci ɓarɓashin dutsen wuta ne, na tsibiran murjani kuwa ɓarɓashin murjani ne da ɓawon halittu. Malami na iya nuna bambancin a aji: a ɗiga ruwan tsami mai ƙarfi a kan dakakken ɓawon ƙwai, zai yi kumfa, a ɗiga a kan wankakken yashin kogi, ba abin da zai faru. Igiyar ruwa na niƙa wani kaso, amma akwai wani maniƙi mai rai, shi ne kifi mai bakin aku. Haƙoransa sun haɗe sun zama kamar bakin tsuntsu, yana kankare gansakuka daga jikin murjani, har mai iyo kan ji ƙarar ƙwas-ƙwas a cikin ruwa. Yana haɗiye dutsen tare da abincin, wasu haƙora da ke maƙogwaronsa su niƙe shi, ya kasayar da shi fari. Babban kifi ɗaya na iya fitar da ɗaruruwan kilo a shekara. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan wani tsibiri na ƙasar Maldibs ya gano cewa fiye da kashi 85 cikin 100 na sabon rairayin da tudun wurin ke samarwa daga cikin wannan kifi yake fitowa. Ba kasafai masu tallar tafiya ke gaya wa baƙi a kan me suke kwance ba.

Mashigin Maya

Wurin da kowa ke ɗokin gani yana tsibirin Phi Phi Leh. Wani lungun teku ne da ake kira Maya, duwatsu masu tsayin kusan mita 100 sun kewaye shi ta fuska uku, a ƙuryarsa kuma ga rairayi mai tsawon mita 250 kacal. A shekarar 2000 aka fitar da wani fim mai suna The Beach, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a ciki, kuma a nan aka ɗauke shi. Tun a lokacin an yi rigima, domin masu fim sun baje tudun rairayi, sun cire tsirran wurin, sun dasa itatuwan kwakwa don ya ƙara kyau a hoto. Shari'ar da ta biyo baya ba ta ƙare ba sai a 2022. Fim ɗin labarin wani ɓoyayyen wuri ne da ba wanda ya sani, sai ga shi ya sanar da duniya duka.

Kafin 2018 akan sami baƙi har 5,000 da jirage kusan 200 a rana ɗaya a wannan ɗan lungu. Kowane jirgi sai ya ratsa ta kan tudun murjani kafin ya isa rairayi. Anka ta faɗa ta farfasa, farfelar inji ta tayar da yashi, yashin ya sauko ya rufe murjani ya hana shi haske. Ga mai da ke ɗiga daga injuna, ga dubban ƙafafu. Ba wanda ya zo da niyyar ɓarna a cikinsu, kowa awa ɗaya kawai ya yi ya tafi, amma mafi yawan murjanin mashigin ya mutu.

Masana halittun teku, musamman Thon Thamrongnawasawat na Jami'ar Kasetsart da ke Bankok, sun daɗe suna kira a rufe wurin. Hukuma ta yi ta jan ƙafa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, tun da an kiyasta cewa mashigin na kawo kimanin baht miliyan 400 na kuɗin ƙasar a shekara. Ranar 1 ga Yuni, 2018, aka ja igiya a bakinsa. Da farko wata huɗu aka ce, amma da aka duba girman ɓarnar a watan Oktoba sai aka ce sai abin da hali ya yi. Annobar korona ta zo ta ƙara tsawaita hutun. A wannan shekara ta 2018 ƙasar Filifin ita ma ta rufe tsibirin Boracay na wata shida saboda ƙazantar da yawan baƙi ta jawo.

Ma'aikatan gandu da masu sa kai sun dasa dubban gutsattsarin murjani, suna manna su a kan duwatsu. Amma abin da ya fi jan hankali ba wanda ya dasa shi. Cikin 'yan watanni sai ga kifayen shak masu baƙin tabo a bakin fiffike sun dawo. Wannan iri ƙarami ne, da wuya ya kai mita biyu, matsoraci ne kuma, yana gudun mutane. Haihuwa yake yi, kuma jariransa na bukatar ruwa maras zurfi inda manyan kifaye ba za su cinye su ba. Ashe Maya ɗakin haihuwarsu ne tun asali, jirage suka kore su. A watan Nuwamba na 2021 masu bincike da suka yi ƙidaya da ƙaramin jirgi maras matuƙi sun ga guda 161 a lokaci ɗaya.

Ranar 1 ga Janairu, 2022, aka sake buɗe wurin da sababbin dokoki. An hana jirgi shiga mashigin, sai dai ya tsaya a wata gada ta bayan tsibirin, baƙi su tako ta kan katako. An hana iyo, iyakar mutum ya shiga ruwa zuwa gwiwa. An ƙayyade mutum 375 a kowace awa, an kuma soma rufe wurin a watannin Agusta da Satumba don ya huta. Mai lissafi zai lura cewa mutum 375 a awa, in aka tara awoyin yini, za su iya haura 4,000, adadin da bai yi nisa da na da ba. Abin da ya canza shi ne inda jirgi da ƙafa ke taɓawa. Duk da haka, da masu binciken nan suka koma a Nuwamba na 2022, kifayen shak 20 zuwa 40 suke gani a rana. Wani abin kuma, jiragen da aka hana shiga Maya ba su koma gida ba, lungunan da ke maƙwabtaka suka karkata, kuma a can ake sauke masu bututu.

Abin da igiya ba ta tarewa

A watan Agusta na 2021 Tailan ta haramta shiga gandayen tekunta da man kariya daga rana mai ɗauke da wasu sinadarai huɗu, ciki har da oksibenzon, tarar kuma na iya kai baht 100,000. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa sinadaran na cutar da jariran murjani, ko da yake masana na muhawara a kan girman illar a cikin buɗaɗɗen teku. Riga mai dogon hannu ta fi sauƙi, ta kuma fi tsare bayan mai iyo, wanda kan yini a rana ba ya jin ƙuna saboda sanyin ruwa. Baƙar fata ma tana ƙonewa. An kuma hana jefa wa kifi burodi, domin kifin da ya saba da sadaka yakan rage cin gansakukar da ke shaƙe murjani.

Duk waɗannan dokoki mai gadi na iya tsare su. Zafin ruwa kuwa ya fi ƙarfinsa. Idan ɗumin teku ya haura abin da aka saba gani a lokacin zafi da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni, 'yan tsirran da ke cikin murjani kan fara fitar da sinadarai masu cutar da mai gida, shi kuma ya kore su. Da yake su ne launinsa, sai namansa ya zama garau, farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri 'yan haya su dawo, in kuwa zafin ya zarce ya mutu, gansakuka ta lulluɓe shi. A 2010 haka ta faru a Tekun Andaman, murjani mai rassa ya mutu da yawa, har a farkon 2011 aka rufe wasu wuraren nutso. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da cewa duniya ta shiga irin wannan annoba karo na huɗu, bayan ta 1998 da ta 2010 da ta 2014 zuwa 2017. Zuwa 2025 zafin ya taɓa kusan kashi 84 cikin 100 na tudun murjanin duniya. Amfanin rage ɓarnar jirage da ƙafafu shi ne, murjanin da ba a wahalar da shi ba ya fi saurin farfaɗowa bayan zafi, in an sami tazarar shekaru kafin wani ya zo. Tazarar ce ke raguwa.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ma'aikata kan ƙirga fasinjoji, su tattara gilasai da bututu cikin bokiti, jirage su juya su nufi Phuket. Bayan rana ta faɗi, 'yan halittun murjani, waɗanda yawancinsu suka yini a ƙunshe cikin kofunansu, kan miƙo hannuwansu su fara kamun ƙananan dabbobin da ke tasowa daga ƙasa da dare, har curin da ya yi kama da dutse da rana ya zama kamar an lulluɓe shi da gashi. Wasu daga cikin kifaye masu bakin aku kuma kan shige rami, su fitar da majina daga jikinsu su naɗe kansu da ita kamar gidan sauro, wadda ke tsare su daga ƙwarin teku masu shan jini har gari ya waye.